Guntulallun yatsun Tony Iommi da asalin sautin Black Sabbath

Idan ana zancen Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, yawanci a gurguje ake yanke labarin: inji ya datse masa yatsu, ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa, shi ke nan aka samu kiɗan hebi metal. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an haɗiye shekaru shida da matakai masu yawa. Hatsarin ya auku ne a 1965. Sassauta tsirkiya har can ƙasa kuwa bai fito a faifai ba sai a 1971, lokacin da ƙungiyar ta riga ta saki kundaye biyu da suka yi mata suna. Abin da ya gudana a tsakani sarƙa ce: duk dabarar da ya ƙirƙiro don warware wata matsala sai ta haifo wata, ita ma a shiga neman maganinta. Sautin da aka san shi da shi tarin waɗannan gyare-gyare ne, haɗe da wata baiwa da ba ruwanta da hatsari, wato iya ƙera gajeren take na jita wanda ba ya fita daga kunne.

An haifi Anthony Frank Iommi ranar 19 ga Fabrairu, 1948 a birnin Birmingham na Ingila, a gidan da asalinsa daga Italiya ne. Ya tashi a unguwar Aston, inda iyayensa ke da kanti, unguwa ce ta masana'antu da maƙeru wadda ba ta gama farfaɗowa daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ba. A makarantar Birchfield Road ya yi karatu, Ozzy Osbourne, wanda daga baya ya zama mawaƙin Black Sabbath, yana aji ɗaya a bayansa. Ganga ya fara so, sai jitar Hank Marvin na ƙungiyar The Shadows ta janye hankalinsa. Kuma shi bahago ne, wanda hakan ke da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya: bahagon makaɗi da hannun hagu yake kaɗa tsirkiya, da na dama yake danna ta a wuyan jita.

Yana ɗan shekara 17 yana aikin walda a wata masana'antar fallayen ƙarfe. Ya riga ya ba da sanarwar barin aiki domin zai bi wata ƙungiyar makaɗa zuwa Jamus. A ranarsa ta ƙarshe, matar da ke kula da injin matse ƙarfe ba ta zo ba, sai aka ɗora shi a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya sauko masa a hannun dama, ya cire kan ɗan yatsan tsakiya da kan na zobe. Ga na-dama, wannan hannun riƙe makaɗi ne kawai, da rauni ya warke an ci gaba. Ga bahago kuwa, biyu ne daga cikin yatsu huɗun da ke yin ainihin aikin. Likitoci suka ce ya haƙura da jita.

Shugabansa na wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz ɗin nan da gobara ta nakasa wa yatsu biyu na hagu a 1928, amma ya ci gaba da kaɗa abin da masu cikakken hannu suka kasa. Wannan ne ya dawo da shi. Hanya mafi sauƙi a ido ita ce ya juya jitar ya koma kaɗawa irin ta na-dama, amma ya ga hakan komawa farko ne bayan shekarun da ya riga ya zuba, sai ya zaɓi ya gyara yatsun.

Hular yatsa

Matsalar farko ciwo ce. Fatar da ta rufe kan ƙashin siririya ce, ba tsokar da za ta tare, tsirkiyar ƙarfe kuma tana iya tsaga ta. Sai ya ɗauki robar sabulun wanke-wanke na Fairy Liquid, ya narkar da ita ta zama dunƙule, ya sa ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo ya huda rami a ciki har yatsan ya shiga, sannan ya yi ta gogawa yana rage ta har ta koma siffar kan yatsa. Guda biyu ya yi.

Ciwo ya ragu, sai ga matsala ta biyu: roba mai tauri santsi gare ta, tana zamewa daga kan tsirkiya. Ya gwada lulluɓe ta da abubuwa daban-daban, ƙyalle ya yage, a ƙarshe fata ce ta yi. Ya yanko ta daga wata tsohuwar rigar fata tasa, ya liƙa da gam, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana yankowa daga wannan rigar ko bayan da ƙwararrun masu ƙera gaɓoɓin roba suka karɓi aikin yi masa hulunan. Ita ma fatar tana da nata sharaɗi. Sabuwa tana kama tsirkiya fiye da kima, yatsa ya kasa sulalewa daga wannan wuri zuwa wancan. Wadda ta tsufa sosai kuma ta koma santsi. Sai an goge ta an murje ta ta tsaya a tsakani.

Matsala ta uku ba ta da magani har yau: hular ba ta ji. Makaɗi na gane inda tsirkiya take da irin ƙarfin da ya danna ta ne ta fatar yatsansa. Shi kuwa a yatsu biyu ba ya samun wannan saƙo, sai ya dogara da kunne, da ido, da sabo. Wanda ba ya jin abin da yake dannawa yakan danna da ƙarfi fiye da buƙata, kuma za mu ga yadda wannan ya dawo ya cije shi.

Sirarar tsirkiya

A kiɗan buluz da rok, ba danna tsirkiya kaɗai ake yi ba, ana tura ta gefe a kan wuyan jita domin sautin ya hau, kamar murya mai kuka. Wannan turawa da ɗan yatsan zobe aka fi yin ta, wanda shi ne ɗaya daga cikin guntulallun. Tsirkiyoyin da ake sayarwa a shagunan Ingila a tsakiyar shekarun 1960 kuwa masu kauri ne. Ana auna kaurin tsirkiya da lamba: lamba 10 na nufin 0.010 na inci, kimanin milimita 0.25. Jerin wancan zamani yakan fara ne daga lamba 12 ko 13, ta ukun ma naɗaɗɗiya ce. Tura irin wannan da hular roba azaba ce, kuma hular na iya ficewa.

Ya nemi kamfanoni su yi masa sirara, suka ce ba mai saya. Sai ya koma ga tsirkiyar banjo, wadda ta fi ta jita siranta, ya sa ta a sama, ya haɗa jerinsa da kansa. Daga baya kamfanin Picato ya yarda ya yi masa. Jerin da aka san shi da shi idan ya sauke jitar da rabin mataki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sautuka biyu maƙwabta a kiɗan Turai, shi ne 8, 8, 11, 18, 24, 32. A kwatanta da jerin da yawancin makaɗan jitar lantarki ke sawa a yau: 10, 13, 17, 26, 36, 46. Tsirkiyarsa mafi kauri ba ta kai ta biyar ɗin mutane ba.

Lissafin a fili yake. Ƙarfin jan tsirkiyar da ba a naɗe ba yana tafiya ne da kaurinta sau kansa. Lamba 8 idan aka kwatanta da lamba 10, kashi 64 cikin 100 na jan take da shi. A jita mai tsawon inci 25.5, lamba 10 da aka ɗaure zuwa sautin E na sama (da haruffa ake kiran sautukan kiɗa) tana jan kusan kilo 7.3, lamba 8 kuwa kusan kilo 4.7. Bambancin kilo biyu da rabi a kan yatsan da ba shi da tsoka ba ƙaramin abu ba ne.

Jitar ita ma ta taimaka, ko da yake da farko ba zaɓi ba ne. Fender Stratocaster yake kaɗawa, ya yi mata gyare-gyare har ta dace da hannunsa. Ranar da suke ɗaukar kundinsu na farko, bayan an gama waƙar "Wicked World", maganaɗisun ɗaukar sautinta ya mutu, sai ya jawo jitar da ya ajiye don ko-ta-kwana, Gibson SG Special, ya ƙarasa da ita. Bai sake komawa ba. Tsawon tsirkiyar SG inci 24.75 ne, wanda ke rage jan da kusan kashi 6 cikin 100, jikinta kuma an fafe shi ta gefe biyu, hannu na isa ƙarshen wuya ba tare da wahala ba. Wani maƙerin jita na Birmingham, John Birch, ya yi wa wannan jita aiki: ya sauya mata maganaɗisu don rage ƙugi, ya shafe allon wuyan da fenti mai sheƙi don hulunan su riƙa sulalewa ba tare da sun sarƙe a ƙarafan da ke gicciye ba. Daga baya John Diggins, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Birch, ya ƙera masa wadda ake kira Old Boy, mai ƙarafa 24 a wuya maimakon 22, ita ce ya fi daɗewa da ita.

Amma siririyar tsirkiya siririn sauti take bayarwa. Ƙarfen da ke karkarwa a kan maganaɗisu kaɗan ne, don haka saƙon lantarkin da ke fita rarrauna ne. Ga kuma ƙungiya mai jita ɗaya tilo, ba mai cike gurbi a bayansa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ke tsakanin jita da lasifika

Maganin ya zo ta amfilifaya. Lyndon Laney, wani mai haɗa amfilifaya a yankinsu wanda ya kafa kamfaninsa a 1967, shi ya samar masa da Laney Supergroup mai wat 100, mai aiki da kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo. Irin wannan amfilifaya ba ta da maɓallin da zai ba da kaushin sauti a ƙaramar ƙara. Sai an buɗe ta sosai kwalaben suke cika su fara murƙushe sautin, a nan ne gurnani ke fitowa.

A gabanta yake sa wata 'yar akwati mai suna Dallas Rangemaster. Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba: taransisto guda na jameniyam, da batir mai bolt 9, da 'yan ƙananan kaya. Aikinta shi ne ta rage ƙasan sauti, ta ƙara ƙarfin tsakiya da sama, ta tura shi cikin amfilifaya da zafinsa. An yi wa tasa kwaskwarima tun kafin Black Sabbath, masu kwaikwayonta a yau kuma sukan ƙara girman kafasitan da ke bakin shigarta domin tsakiyar sauti ta samu wucewa. A kan amfilifayar kuma yakan ɗaga maɓallan tsakiya da sama har ƙarshe, ya sauke na ƙasa gaba ɗaya.

Wannan shi ne abin da masu koyo suka fi kuskurewa. Suna jin nauyi sai su ɗauka ƙasan sauti ne, su murɗa shi sama, sai komai ya zama taɓo. Dalili kuwa, idan ƙananan sautuka masu ƙarfi suka shiga amfilifayar da ta riga ta cika, su ne ke cinye mata duk numfashi, bugun farko na kowane sauti ya ɓace. Iommi ya cire ƙasan daga jitarsa ya bar wa Geezer Butler, mai jitar bes, wanda ke bin taken sau da ƙafa, har yana tura tsirkiya inda Iommi ya tura. Nauyin da kunne ke ji na kayan kiɗa biyu ne da suka zama ɗaya. Akwatin ita ma tana da halinta: jameniyam ba ya son zafi, sautinsa na sauyawa idan fitilun dandamali suka gasa shi, kuma yana ƙara shuu da ƙugi, shi ya sa sai an riƙa rufe maɓallin ƙarar jita a duk inda aka yi shiru.

Hannun ya kuma tilasta masa wani salo. Haɗa sautuka biyar ko shida a lokaci guda yana buƙatar yatsu huɗu masu ji. Shi lafiyayyu biyu gare shi, manuni da ɗan auta, sai ya dogara da haɗin sauti biyu: tushe, da wanda ke rabin mataki bakwai a samansa. Wannan haɗi ya dace da amfilifaya mai gurnani, domin karkarwar sautukan biyu tana kan ma'aunin 3 da 2, ƙarin sautukan da murƙushewa ke haifarwa sai su faɗa a wuraren da suka dace da juna. Ƙara sauti na uku a tsakiyarsu yakan jawo hayaniya. Sannan maimakon ya tsallaka zuwa siraran tsirkiyoyi, yakan zauna a kan masu kauri biyu ya yi ta hawa da sauka a wuyan jita. Taken "Paranoid" a ƙarfe na 12 na tsirkiya mafi kauri yake kaɗa shi, alhali ana iya samun sautin a ƙarfe na 7 na mai bi mata. Sauti ɗaya ne a takarda, amma na farkon ya fi duhu da kauri. Ɗan autansa kuma, wanda yawancin makaɗan buluz ke bari yana hutawa, ya zama ma'aikaci, shi ne ke yin wannan saurin kaɗa sautuka biyu maƙwabta da ake ji a ko'ina cikin kiɗansa.

Take

Duk wannan kayan aiki ne. Abin da ya sa ake maganarsa shi ne abin da ya gina da su.

A 1968, bayan ƙungiyar Mythology da yake ciki tare da mai ganga Bill Ward ta watse, su biyun suka haɗu da Osbourne da Butler. Sun fara da suna Polka Tulk, suka koma Earth, suna kaɗa buluz. A Disambar shekarar Iommi ya ɗan shiga ƙungiyar Jethro Tull, har ya fito tare da su a shirin Rock and Roll Circus na Rolling Stones, amma bai daɗe ba ya dawo. Abin da ya dawo da shi tsari ne: ya ga yadda Ian Anderson, jagoran Jethro Tull, ke tara mutanensa su fara atisaye da ƙarfe tara na safe kamar masu zuwa ofis, sai ya ɗora wa abokansa haka. Zaman da suka yi a gidajen rawa na Hamburg da Zurich, inda ake kaɗawa sau da yawa a rana, ya tilasta musu jan waƙoƙi da tsawo don cike lokaci, kuma daga irin wannan ja ne "War Pigs" ta fito. A Agustan 1969 suka ɗauki suna Black Sabbath, daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963.

Waƙar da ke ɗauke da sunan ƙungiyar sautuka uku ce kacal: G, sai G na sama, sai Db. Tazarar G da Db rabin mataki shida ce, daidai tsakiyar zangon sautuka goma sha biyu, rabin mataki ɗaya ƙasa da wancan haɗi mai daɗin ji. Kunne na jiran bakwai sai a ba shi shida, ya rasa wurin zama. Masana kiɗan Turai na da can suna yi wa wannan tazara laƙabi da shaiɗanin kiɗa saboda wuyar rera ta. Butler ne ya fara kwaikwayon wani sashe na kiɗan "Mars" na Gustav Holst, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, a jitar bes, washegari Iommi ya zo da taken. Muhimmin abu shi ne jinkirin da ya ba shi. Yana barin kowane sauti ya yi ta amo har ya kusa mutuwa kafin na gaba ya zo, a zamanin da makaɗan jita ke gasar gudu.

Rabon aikinsu a bayyane yake: Iommi ya kawo take, Ward da Butler su ɗora, Osbourne ya samo karin murya, Butler ya rubuta yawancin baitoci, a sa sunayen su huɗun a kan waƙa. Tsarin waƙar ma ya bambanta da na saura. Maimakon baiti da amshi suna zagayawa, sai a jera take uku ko huɗu, a sauya gudu a tsakiya, wani lokaci ba a ma dawowa na farkon. A sutudiyo kuma yakan ɗauki kiɗan kaɗaici sau biyu, ba iri ɗaya sak ba, a sa ɗaya a lasifikar hagu ɗaya a ta dama, su riƙa haɗuwa suna rabuwa.

Ranar 16 ga Oktoba, 1969 suka ɗauki kundin farko a Regent Sound da ke Landan, cikin yini guda, Rodger Bain ne furodusa. Ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970, ya kai na 8 a jadawalin Birtaniya duk da cewa masu sharhi, ciki har da Lester Bangs na mujallar Rolling Stone, sun yi masa kaca-kaca. Paranoid ya biyo baya a Satumbar shekarar, ya hau na 1. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta an haɗa ta ne a ƙurarren lokaci don cike gurbin minti uku, ta kuma kai ta 4 a jadawalin waƙoƙi. Dukkan kundayen biyu a ɗaurin jita na yau da kullum aka ɗauke su, tsirkiya mafi kauri tana kan E.

Saukowa zuwa C#

A kundin Master of Reality na 1971 ne ya sauke jitar da rabin mataki uku, daga E zuwa C#, a waƙoƙi irin su "Children of the Grave", "Lord of This World" da "Into the Void", Butler ma ya bi shi. Tsirkiya mafi kauri ta tashi daga karkarwa 82 a daƙiƙa ta koma 69. Jan tsirkiya na tafiya da yawan karkarwa sau kansa, don haka rabin mataki ɗaya yana rage kusan kashi 11 cikin 100, uku kuma kusan kashi 29. A wannan ɗauri yakan ɗan ƙara kauri: 9, 10, 12, 20, 32, 42. Idan aka buga lissafi, lamba 8 a rabin mataki ƙasa da lamba 9 a rabin mataki uku ƙasa, a kan SG, duka biyun kusan kilo 4 suke ja. Wato abin da yatsansa zai iya ɗauka shi ne ma'auni, sauran abubuwa ake juyawa su dace da shi.

Wanda ya gwada wannan a jitarsa ba tare da shiri ba zai gamu da matsaloli huɗu ko biyar a take. Wuyan jita yana da sandar ƙarfe a ciki da ke ja baya don ta daidaita jan tsirkiyoyi. Idan jan ya ragu, sandar ta fi ƙarfi, wuyan ya lanƙwashe baya, tsirkiya ta riƙa dukan ƙarafa tana zizar. Sai a sassauta sandar kaɗan-kaɗan, kwatan juyi ko ƙasa da haka, a dakata itacen ya zauna, har a samu rata ta kimanin milimita 0.25 a ƙarfe na 7 idan an danne tsirkiya a farkon wuya da ƙarshensa. Ramukan da tsirkiya ke bi a kan wuya, idan an yanke su don masu kauri, siririya za ta yi ta rawa a ciki, sai an sauya wurin. Daga nan a duba ƙarfe na 12: idan sautin da aka danna ya haura yadda ya kamata, a ja sirdin tsirkiyar baya, nesa da wuya. Maganaɗisu ma a ɗan sauke shi, domin yana jan sakakkiyar tsirkiya har sautin ya riƙa rawa.

Na ƙarshen ba a gyara shi da sukundireba. Sakakkiyar tsirkiya tana hawa sama da zarar an danna ta da ƙarfi ko an doke ta da ƙarfi. Ga kuma mutumin da yatsunsa biyu ba sa jin ƙarfin da suke dannawa. Dole ya koyi sassauta hannuwa biyun, ya bar amfilifaya ta yi ƙarfin. Duk wanda ya kalli bidiyonsa zai lura da cewa a tsaye yake cak, hannun da ke kaɗawa da ƙyar yake motsi.

Batun shaiɗanci

Mai karatu na da haƙƙin tambaya ko shaiɗanci suke yi, ganin sunan ƙungiyar da hotunan da ke kan kundayenta. Juyayyen gicciyen da ke cikin bangon kundin farko kamfanin faifai ne ya sa, ba su ba. Butler, mai rubuta baitocin, a gidan Katolika masu riƙo ya tashi, kuma waƙar "Black Sabbath" firgita ce da neman tsari, ba kira ba. "After Forever" kare imani da Ubangiji take yi kai tsaye. "War Pigs" tsinuwa ce ga masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi a zamanin Biyetnam, "Hand of Doom" kuma gargaɗi ce a kan hodar heroin da ke kashe sojojin da suka dawo. Gicciyen da suke ratayawa mahaifin Osbourne ne, wanda maƙerin kayan aiki ne a masana'anta, ya fara ƙera musu. Inda laifi na gaske yake shi ne shaye-shaye. Su da kansu ba su ɓoye ba cewa hodar ibilis ta mamaye aikin Vol. 4 a Los Angeles a 1972, kuma ita da giya ne suka ci ƙungiyar a hankali.

Da suka koma Los Angeles a 1973, Iommi ya kafe, take ya ƙi zuwa, kuma tunda kowa shi yake jira, aiki ya tsaya. Sai da suka dawo Ingila suka kama atisaye a kurkukun ƙasa na fadar Clearwell a Gloucestershire sannan taken "Sabbath Bloody Sabbath" ya zo masa. Sabotage na 1975 an yi shi ne ana tsaka da shari'a da tsohon manajansu Patrick Meehan, ana kawo musu sammaci har sutudiyo, duk da haka a ciki ne "Symptom of the Universe" take, wadda saurin bugunta a kan tsirkiya ɗaya ya zama tsani ga ƙungiyoyin da suka zo a shekarun 1980. Kundaye biyu na bayansa sun yi rauni. A Afrilun 1979 aka sallami Osbourne.

Zuwan Ronnie James Dio, mawaƙin da ya maye gurbin Osbourne, ya sauya yadda Iommi ke rubutu. Osbourne yakan bi take da muryarsa, kamar a "Iron Man" inda murya da jita ke tafiya tare. Dio kuwa yakan ratsa ta kan taken da nasa karin, wanda ya ba jitar damar buɗewa. Heaven and Hell na 1980 shi ne shaida. Bayan nan mawaƙa suka yi ta shiga da fita: Ian Gillan a 1983, Glenn Hughes a Seventh Star na 1986, wanda kundin Iommi ne na kansa amma kamfani ya dage sai an liƙa masa sunan ƙungiya, sai Tony Martin. An yi wa zamanin Martin rashin adalci, domin Headless Cross na 1989 yana da takuna da ba su gaza na shekarun 1970 ba. Iommi kaɗai ne bai taɓa barin ƙungiyar ba tun daga 1969.

Su huɗun asali sun sake haɗuwa a Birmingham a Disambar 1997, aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun makaɗan rok, a 2006. Ya sake aiki da Dio da sunan Heaven & Hell har rasuwar Dio a Mayun 2010. A Janairun 2012 aka sanar cewa Iommi na fama da sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki. Yana karɓar magani yana rubuta kundin 13, wanda Rick Rubin ya shirya, ya fito a Yunin 2013 ba tare da Ward ba, ya hau na 1 a Birtaniya da Amurka. An tsara tafiye-tafiyen wasan ne yadda zai riƙa komawa gida karɓar magani, a 2016 kuma ya sanar cewa cutar ta lafa. Rangadin bankwana ya ƙare a Birmingham ranar 4 ga Fabrairu, 2017. A farkon shekarar ne kuma aka ji wani kiɗan ibada da ya tsara wa mawaƙan babban cocin Birmingham, a 2023 kuma ƙungiyar rawar bale ta birnin ta gina wasa a kan kiɗansu.

Ranar 5 ga Yuli, 2025, Iommi, Osbourne, Butler da Ward suka hau dandamali tare a filin Villa Park da ke Aston, unguwar da suka tashi. Osbourne a zaune ya rera, ya rasu ranar 22 ga watan. Waƙoƙi huɗu suka yi a daren: "War Pigs", "N.I.B.", "Iron Man" da "Paranoid". Dukkansu daga kundayen 1970 ne, waɗanda aka ɗauka tun kafin ya sauke jitarsa zuwa C#.